Data Ba Ta Ƙare Ba, Amma Shafi Ya Ƙi Buɗewa

A ƙananan ofisoshi da shagunan buga takardu ana yawan cin karo da wannan matsala. Fitilun rauta duk suna ci, alamar Wi-Fi a cike, ga data, amma ko wane shafi aka nema sai kwamfuta ta ce ba ta same shi ba. Nan take a ɗora wa kamfanin sadarwa laifi, wani ma ya sake sayen data. Alhali sau da yawa layin lafiyarsa ƙalau, DNS ne ya tsaya.

Kwamfuta lamba ta sani, ba suna ba. Idan ka rubuta sunan shafi, sai ta fara tambayar sabar DNS lambar da ke ƙarƙashin sunan, kamar yadda kake danna sunan mutum a waya ita kuma ta kira lambarsa. Paul Mockapetris ne ya tsara wannan a 1983, kuma har yau a kansa ake. Idan sabar ta yi shiru, kwamfuta ba ta san inda za ta nufa ba.

Gwaji biyu sun isa a gane bakin zaren. A Windows, buɗe Command Prompt ka rubuta ping 8.8.8.8. Idan amsa ta dawo, hanyarka zuwa waje a buɗe take. Sai ka rubuta nslookup google.com. In wannan ya kasa alhali na farko ya yi, to ka kama mai laifi. In kuwa duka biyun sun kasa, ka bar batun DNS, ka koma kan kebul da rauta da biyan kuɗi.

Daga nan ka lura: kwamfuta ɗaya ce ke fama, ko duka? In ɗaya ce, rubuta ipconfig /all ka duba layin DNS. Galibi lambar rauta ce ke wurin, irin su 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Abin da aka fi tararwa shi ne wani ya taɓa rubuta lamba da hannu, aka sauya rauta, lambar tsohuwar ta zauna. Mayar da saitin yadda kwamfuta za ta karɓa da kanta, sannan ka share tsofaffin amsoshin da ta adana da ipconfig /flushdns.

In duka ne, shiga saitin rauta ka gyara sau ɗaya. Cikin sabobin DNS da za ka iya sakawa akwai 8.8.8.8 da 8.8.4.4 na Google tun 2009, da 1.1.1.1 na Cloudflare tun 2018, duk kyauta. Amma ofishin da ke da sabarsa ta cikin gida kada ya yi gaggawar wannan, domin sabar Google ba ta san sunan firintarku ko ma'ajiyar fayilolinku ba.

Abin da ya fi damuna shi ne lambar da ba wanda ya san wanda ya sa ta. Mai riƙe da DNS ɗinka yana iya kai ka shafin banki na bogi, kai kuwa ka rubuta sunan daidai. In ka ga baƙuwar lamba a rauta, cire ta, ka kuma sauya kalmar sirrin da rautar ta zo da ita daga kamfani.

Wani lokaci kuma matsalar ba a wurinka take ba. Ranar 4 ga Oktoba 2021 sabobin DNS na Facebook sun ɓace daga intanet na kusan awa shida, WhatsApp da Instagram suka tsaya tare. In shafi ɗaya ne kawai ya ƙi, sauran suna buɗewa, kada ka taɓa saitinka.