WANKAN BIƘI DA KUNUN KANWA: ABIN DA KE CIKIN TUKUNYAR MAI JEGO

Duk wanda ya ratsa babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram ya san layin masu saiwoyi. Tabarma a shimfiɗe, ɓawon itace ƙulli-ƙulli, bagaruwa cikin ƙwarya, kanwa fara da ja, kimba da citta da kanumfari. Mafi yawan masu tsugunawa gaban waɗannan tabarmi tsofaffin mata ne, kuma sau da yawa ba don kansu suke saye ba: ɗiya ce ko jika ta zo gida goyon ciki, haihuwa ta matso, dole a tanadi kayan biƙi.

A ƙasar Hausa babu lokacin da mace ke shan magani kamar kwana arba'in na bayan haihuwa. Dalilin tsofaffi shi ne, wai mai jego ɗanya ce, jikinta a buɗe yake, in sanyi ya shige ta zai kumbura ta ko ya nakasa ta. Saboda haka ake gasa ta ciki da waje. Safe da maraice a tafasa ruwa cikin babbar tukunya, a tsoma reshen ganye, na tsamiya ko sabara ko dogon yaro, a dinga fyaɗa mata a jiki. A dama mata kunun gero da kanwa mai yawa. A daka mata yaji na kimba, masoro, citta da barkono, ta ci da naman ƙauri. A wasu wurare har gadon ƙasa ake gina mata, a hura wuta ƙarƙashinsa.

Wani abin lura game da dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi: baƙo ne. Asalinsa daga ƙasar Indiya, kuma a zamanin mulkin mallaka ya bazu a ƙasashenmu. Kakannin kakanni ba su yi wanka da shi ba, amma ga shi yau ya zama sarkin ganyen biƙi. Ke nan al'adar da ake cewa ba ta taɓuwa ta riga ta karɓi sabon abu da hannu biyu a lokacin da ta ga amfaninsa.

Amfanin kuwa akwai shi, bai kamata ma'aikacin lafiya ya raina ba. Kwana arba'in ɗin nan hutu ne ga macen karkara, wadda ba ta san hutun daka da ɗiban ruwa ba. Nama da kunu suna mayar mata da ƙarfi. Ruwan da aka tafasa ya fi na tabki tsabta nesa ba kusa ba. Ƴaƴan bagaruwa, waɗanda majema ke jeme fata da su, suna da sinadarin da ke tsuke nama, shi ya sa ake dafa su mai jego ta zauna cikin ruwan in ya huce. Hulba da ganyen zogale an daɗe ana ba mai shayarwa, zogale kuma abinci ne mai gina jiki ko da ba a kira shi magani ba. Masana ba su yi watsi da wannan sani ba. Tun 1916 wani likitan Birtaniya mai suna Dalziel ya tattara sunayen itatuwa da Hausa cikin littafi. A 1980 kuma ƙungiyar ACCT, wadda aka kafa a Yamai a 1970, ta buga sakamakon binciken da Farfesa Adjanohoun ya jagoranta a kan tsirran magani na Nijar, bayan an zauna da masu maganin gargajiya an ji ta bakinsu.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. A cikin shekarun 1970, likitoci biyu na asibitin jami'a a Zariya, Davidson da Parry, sun lura da wata cuta mai kama zuciyar mata ƴan makonni bayan haihuwa. Zuciyar ta raunana, ta kasa tura jini, ruwa ya taru a ƙafafu da huhu. Sun ƙiyasta cewa a yankin Zariya kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu na gamuwa da ita, adadin da ya zarce na Turai ƙwarai, kuma ta fi yawa a lokacin zafi. Suka ɗora zargi a kan kanwa da gashi. Kanwa ƴar'uwar gishiri ce, sinadarin sodiyom ne ya cika ta, shi kuwa riƙe ruwa yake yi a jiki. Zafi kuma yana tilasta wa zuciya ƙarin aiki.

Maganar ba ta tsaya nan ba. A asibitin ƙasa na Yamai, Dokta Cénac da abokan aikinsa sun bi diddigin cutar, kuma a 1992 suka bayyana cewa matan da ta kama suna da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyom a jininsu. Binciken da aka yi daga baya a Kano da wasu biranen Nijeriya ya ƙarfafa wannan, ya haɗa da rashin abinci mai kyau da hawan jini, bai kuma tabbatar da cewa wankan ko kunun su ne tushen cutar ba. To, an wanke kanwa ke nan? A'a. Ko da ba ita ta haifar da raunin ba, zuciyar da ta riga ta gaji ba ta ɗaukar lodin gishiri, kuma likita na fara hana gishiri ne ga duk mai irin wannan ciwo.

Babban haɗarin yana wajen fassara alamun. Ƙafafun mai jego sun kumbura, tana haki in ta taka kaɗan, tana tari cikin dare, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta. Gwaggo ta duba ta ce sanyi ne ya shige ta, wanka bai karɓe ta ba. Sai a ƙara itace, a ƙara kanwa. Da niyyar alheri ake yi, amma abin da ke cutar da ita shi ake ninka mata, har lokacin da za a aza ta a amalanke zuwa gidan likita ya zamana an makara.

Haka batun naƙuda. Jiƙe-jiƙen da ake ba mai ciki don wanke zaƙi ko don hanzarta haihuwa ba su da awo, abin da tsohuwa ta dumbuza shi ne mudu. In kuwa ƙugun yarinya ya yi wa kan jariri kaɗan, babu saiwar da za ta buɗe ƙashi. Kwana biyu ko uku ana jiran magani ya ci, daga nan yoyon fitsari ke samo asali, shi da yankan gishiri. Asibitin da aka buɗe a Danja kusa da Maraɗi a 2012 domin gyaran masu wannan lalura shaida ne. Dakashi ma, nonon farko da wasu ke matsewa su zubar suna ɗura wa jinjiri bauri, shi ne rigakafinsa na fari.

Nijar ta daɗe da gane cewa ba da faɗa ake gyara wannan ba. Tun cikin shekarun 1960, daga jahar Maraɗi, aka fara horar da ungozomomin ƙauye, waɗanda jama'a da kansu suka zaɓa, kafin ma babban taron Alma-Ata na 1978 ya yi kira ga duniya da ta bi irin wannan hanya. Ba a ce su jefar da tukunya ba. An koya masu wanke hannu, yanke cibi da sabuwar reza, da sanin lokacin da aiki ya fi ƙarfinsu. A 2005 kuma hukuma ta yafe kuɗin fiɗar haihuwa, a 2006 ta haɗa da awon ciki.

Abin da ma'aikatan lafiya ke roƙon uwayen biƙi bai taka kara ya karya ba. A surka ruwan wanka yadda ba zai ƙona fata ba. A rage kanwa cikin kunu, a ƙara gero da nono da wake. Kada a cusa wani gari ko ganye cikin jikin mai jego. In kuma aka ga jini ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi, ko kumburi da haki, to, mai gida ya bar cinikin itace ya nemi abin hawa tun rana ba ta faɗi ba.