Yadda Ake Zama Cikin Jirgin Ciyawa a Tsakiyar Teku

Ni dai ban taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da na sani shi ne rafin garinmu, shi ma da rani yashi ne. Saboda haka ran da malaminmu na Labarin Ƙasa ya ce akwai mutumin Chadi da ya yi wajen wata biyu a kan Tekun Atlantika cikin jirgin ciyawa, sai na yi ta bin labarin har na gane yadda suka zauna.

A shekarar 1969 ne wani Bature ɗan ƙasar Norwe, Thor Heyerdahl, ya so ya gwada ko mutanen dā suna iya ƙetare teku da jirgin ciyawa. Ya ɗauko masu ɗaure irin wannan jirgi daga Tabkin Chadi, suka ɗaura masa ɗaya a Masar, tsawonsa wajen mita 15. Aka sa masa suna Ra. Ba shi da inji, sai wani babban ƙyalle da iska ke turawa. Ran 25 ga Mayu suka tashi daga Safi ta ƙasar Maroko, su bakwai, kowa da ƙasarsa. Cikinsu har da Abdullahi Jibrin, kafinta daga Chadi.

To, abin da ya fi ba ni mamaki shi ne zaman ba na hutu ba ne. Dā na zaci mutum zai miƙe ƙafa ne iska ta yi ta kai shi. Ina! Tun ranar farko manyan filafilan da ake juya akalar jirgin da su suka karye, kuma ba wannan ne karo na ƙarshe ba. Kullum ana ɗauri, ana gyara, ana ɗinki. Tuƙi kuwa bi da bi ake yi, dare da rana, domin jirgi ba ya tsayawa ya kwana. Wanda aka tasa cikin dare dole ya fito, ko da barci ya yi daɗi. Kuma kowa da igiya a kugunsa, a ɗaure da jirgin, don iska ba ta komawa da baya ta ɗauko wanda ya faɗa.

Wurin kwanansu wata 'yar bukka ce ta saƙa a tsakiyar jirgin. A kan akwatunan kayansu suke shimfiɗa, kafaɗa da kafaɗa. Mu 'yan makarantar kwana mun san wannan, amma mu in wani ya dame ka sai ka fita filin ƙwallo ka sha iska. Su kuwa ina za su? Ga harsuna daban daban, ga gajiya. A ganina wannan ya fi igiyar ruwa wuya.

Abinci irin wanda ba ya lalacewa suka ɗauka: busasshen burodi, dabino, zuma, busasshen nama da kifi. Ruwan sha yana cikin tuluna da salkuna, irin dai wanda kakanninmu ke ratayawa a raƙumi. Ruwa ko'ina, amma na gishiri ne, ba ya shawuwa. Sun tafi da biri da agwagwa, su ne abin dariyarsu.

Sannu a hankali sai gindin jirgin ya fara nutsewa, saboda an bar wata igiya da ya kamata ta riƙe shi sama. Haka suka ci gaba da girki da barci da sallar Abdullahi, ruwa yana matsowa kusa da bukka kowace rana. A watan Yuli, bayan sun yi wajen kilomita 5,000, igiyoyin da suka haɗa ciyawar suka tsintsinke, ga kifayen shak suna kewaye ba damar shiga ruwa a gyara. Wani jirgi ya zo ya kwashe su, ba wanda ya mutu.

A 1970 Heyerdahl ya sake ɗaura wani, Ra na Biyu, ya isa tsibirin Barbados cikin kwana 57. Abdullahi ba ya cikin wannan tafiyar, abin da har yanzu nake jin haushinsa.