Yunwar da Tuwo Ba Ya Kashewa: Abin da Bangaskiyar Kirista Ke Faɗa Kan Begen Zuciya

A ranar Larabar Toka, fada yakan shafa wa masu ibada toka a goshi, daga nan su shiga azumin kwana 40 da ke kai su bikin tashin Almasihu daga matattu. Kiristocin Masar, wato Kibɗawa, nasu azumin ya fi haka tsawo, kwana 55 ne, babu nama, babu madara, babu ƙwai. Waɗannan mutane kuwa su ne masu roƙon abincin yini kullum cikin Addu'ar Ubangiji. To me zai sa mai roƙon abinci ya ture akushi da hannunsa? Dalili shi ne, a wurin Kirista yunwa manzo ce mai ɗauke da saƙo: ɗan Adam mabuƙaci ne tun daga halittarsa, kuma buƙatarsa ta fi girman duk abin da duniya za ta iya zuba masa.

Littafi Mai Tsarki bai raina ciki ba. A Littafin Farawa, kyautar da Allah ya fara miƙa wa mutum bayan ya sa masa albarka abinci ce, faɗuwar farko ma ta hanyar ci ta zo. Isuwa ya dawo daga jeji a galabaice, ya sayar wa ƙanensa Yakubu matsayinsa na ɗan fari saboda kwanon fate guda. Yunwarsa gaskiya ce, laifinsa shi ne ya bar yunwar sa'a ɗaya ta yanke hukunci a kan rayuwarsa duka. Hausawa sun gama magana da suka ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Makarantar da ta fi tsawo ita ce ta jeji. Shekara 40 Isra'ilawa suka yi suna tsintar manna kowace safiya, kamar yadda Fitowa sura 16 ta ba da labari. An umarci kowa ya ɗebi abin da zai ishe shi yini guda kawai, sai a rana ta shida ya ɗebi na kwana biyu saboda Asabar. Waɗanda suka ɓoye saura don gobe sun wayi gari ya yi tsutsa yana wari. Daga baya Musa ya bayyana musu cewa da gangan aka bar su suka ji yunwa sannan aka ciyar da su, domin su gane cewa rayuwar mutum tana rataye ne a kan maganar Allah. Mai cikakken rumbu yana iya mantawa da wanda ya saukar da ruwan sama. Wanda zai fita tsinta kowace asuba ba ya mantawa.

Da wannan darasi Yesu ya amsa wa Iblis bayan azuminsa na kwana 40, lokacin da aka zuga shi ya mai da duwatsu gurasa. Amma a lura da abin da ya yi a bakin tekun Galili. Da ya ga taro cikin yunwa, sai da ya ciyar da mutum 5,000 da gurasa 5 da kifi 2, har aka kwashe ragowa kwando 12. Kashegari da suka biyo shi Kafarnahum, ya faɗa musu ba ɓoye-ɓoye cewa ƙoshin jiya ne ya kawo su, sannan ya gabatar da kansa a matsayin gurasar rai. Haka ya yi da matar Samariya a bakin rijiyar Yakubu: ya fara da roƙon ruwan sha, ya ƙare da ƙishirwar da aure biyar ba su kashe mata ba. A wurare biyun, buƙatar jiki ce ƙofar da aka bi aka isa ga buƙatar rai.

Cikin malaman ikkilisiya, babu wanda ya bi sawun wannan bege kamar Agustin, ɗan Afirka ta Arewa. An haife shi a shekarar 354 a Tagaste, cikin Aljeriya ta yau. Ya nemi ƙoshi a wurin mata, ya nema a fasahar magana da ɗaukaka, ya yi shekara 9 yana bin addinin Mani, ya kai matsayin malamin balaga a birnin Milan, duk da haka zuciyarsa ba ta kwanta ba. A 387 Bishop Ambros ya yi masa baftisma. Littafin da ya rubuta na furta zunubansa da yabon Allah ya buɗe shi da tunanin da ya zama gado ga Kiristocin duniya, cewa don Allah aka yi mutum, saboda haka ba zai sami natsuwa a wani wuri ba. A wa'azinsa kan wasiƙar Yohanna ta fari ya amsa tambayar da ke damun duk mai addu'a, wato me ya sa Allah yake jinkiri. Ya kawo misalin jaka: wanda za a ba shi abu mai yawa, sai ya buɗa bakin jakarsa ya faɗaɗa ta. Jinkirin Allah yana ƙara bege, bege kuma yana faɗaɗa zuciya har ta iya ɗaukar abin da za a zuba mata.

Girigori na Nisa, wanda ya rayu a ƙarni ɗaya da shi a ƙasar Turkiyya ta yau, ya ƙara gaba. Ya ce tunda Allah ba shi da iyaka, marmarinsa ma ba ya ƙarewa, duk wanda ya ƙara kusanta sai ya ƙara so. Saboda haka mai bi da yake jin bai isa ba tukuna kada ya ɗauka bangaskiyarsa ta mutu. Abin tsoro shi ne zuciyar da ta daina neman komai.

Akwai masu ja da wannan. Sigmund Freud ya rubuta a 1927 cewa addini burin zuciya ne da mutum ya mai da shi gaskiya don ya sami sauƙi. Marubucin Birtaniya C. S. Lewis ya dubi batun ta wata fuska a wa'azin da ya yi a Oxford a 1941. Ya yarda cewa jin yunwa bai tabbatar wa kowa zai ci ba, mutum yana iya mutuwa da ita. Amma yunwa tana nuna cewa mai jin ta halitta ce da ke rayuwa da abinci, a duniyar da akwai abinci. In haka ne, begen da babu abin duniya da ke kashe shi ya cancanci a tambayi inda yake nuni. Wannan ba hujja ce da za ta tilasta wa kowa ba, amma ta isa ta hana mai hankali yin watsi da abin da zuciyarsa ke faɗa masa.

Sai dai wannan koyarwa tana da haɗari idan ta faɗa hannun mai ƙoshi. Abu ne mai sauƙi wanda ya ci ya sha ya hau bagade ya yi wa mai kwana da yunwa bayanin albarkar yunwa. Annabi Ishaya, a sura 58, ya ƙi azumin da ba ya raba abinci da mayunwaci. Wasiƙar Yakubu ta kira bangaskiyar da ke sallamar matalauci da fatan alheri kawai matacciya. A Matiyu 25, Almasihu ya sa kansa a matsayin mai yunwa, ya ce da abin da aka yi wa wannan za a yi shari'a. Lokacin da fari ya afka wa Kaisariya ta Kafadokiya wajen shekarar 369, malamin ikkilisiya Basil ya sayar da dukiyarsa, ya kafa tukwane yana ciyar da jama'a, ya kuma tsaya a kan masu ɓoye hatsi har suka buɗe rumbunansu.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. A ƙauyukanmu, tsakiyar damina kafin sabon gero ya nuna lokaci ne da gidaje da yawa ke dafa tukunya sau ɗaya a yini, ga waɗanda rikici ya kora daga gonakinsu, ga tsadar mudu a kasuwa. Mai bi da ke karɓar ɗan gutsuren gurasa a Jibin Ubangiji yana shaida cewa akwai biki na gaba inda, bisa alkawarin Wahayin Yohanna, ba sauran yunwa ko ƙishirwa. Shaidar ba za ta karɓu ba in maƙwabcinsa bai ɗora tukunya ba shi kuma ya yi kamar bai gani ba. Don haka duk mai azumi ya lissafa abin da bai ci ba, ya auna shi hatsi ko kuɗi, ya kai gidan da ya san ana buƙata. Yunwar da mutum ya zaɓa don neman Allah tana da lada ne idan ta rage yunwar da wani bai zaɓa ba.