Fijo Ta Kaduna Da Direban Zurmi

Duk wanda ya taɓa sauka jirgi a Ƙauran Namoda, ya nufi Zurmi ko kasuwar Shinkafi, ya san Peugeot, watau Fijo. Cikin 1975 aka soma haɗa ta a Kaduna, da jarin Gwamnati da na Faransawa. Cikin 2006 Gwamnati ta sayar wa 'yan kasuwa kasonta, bashi ya danne kamfanin, har cikin 2012 hukumar AMCON ta ɗauke wa bankuna bashin, ta karɓi ragama.

To, mu a ganinmu bankuna aka fara ceta. Amurka ta yi wa kamfanoninta irin wannan agaji cikin 2009, amma can akwai masu sayen sabuwar mota. Direban Zurmi kuwa, 'yar Kwatano aljihunsa ya iya, ita ya saya.