Motocin Lantarki Na Tafe: Wane Giris Ya Dace Da Boris Ɗinsu?

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, hankalin masu abin hawa ya fara karkata ga iskar gas da wutar lantarki. Tun kafin nan ma, a ƙarshen 2020, kamfanin Stallion ya fito da Hyundai Kona mai aiki da lantarki wadda aka haɗa a Legas. Yanzu kuma babura da Keke Napep masu batir suna ta shigowa. Ko ba daɗe ko ba jima, za su cika garejojin Kakuri da Barnawa da Talbishin da Sabon Tasha a Kaduna. Abin tambaya shi ne: makanikanmu sun shirya musu?

Kudancin kogin Kaduna ba baƙon injin lantarki ba ne. A Kakuri aka buɗe masaƙar KTL a 1957, sannan masaƙun UNTL da Arewa suka biyo baya, kamfanin Peugeot kuma ya fara haɗa motoci a 1975. Injunan lantarki ne ke juya na'urorin waɗannan masana'antu dare da rana, kuma ma'aikatan da ke kula da su sun san cewa kowane boris da irin giris ɗinsa da lokacin da ake ƙara masa. Da masaƙun suka durƙushe, wannan sani ya watse tare da masu shi. Abin da aka saba gani a gareji yau shi ne gwangwani guda na giris, a buɗe, yaro ya lakata da yatsa ya shafa wa taya, ya shafa wa sitiyari, ya shafa wa duk abin da ke juyawa. Motar fetur tana iya jure wannan na ɗan lokaci. Injin lantarki ba ya jurewa.

Giris haɗin abu uku ne. Mafi yawansa, kimanin kashi 80 zuwa 90 cikin 100, mai ne. Sai abin da ke sa shi kauri, wanda galibi wani nau'in sabulu ne na sinadarin litiyom ko kalsiyom, ko kuma wani sinadari da ake kira foliyuriya. Na uku shi ne 'yan magungunan hana tsatsa da hana lalacewa. Abin kaurin nan kamar soso yake: yana riƙe man, yana sakinsa kaɗan-kaɗan tsakanin 'ya'yan boris da hanyar da suke bi. Wannan siririn shafin mai, wanda bai kai kaurin gashi ba, shi ne ke hana ƙarfe cin ƙarfe.

Abu na farko da ya bambanta injin motar lantarki shi ne gudu. Injin fetur da wuya ya wuce juyi 6,000 a minti guda, amma na lantarki yakan haura 10,000, wasu har 18,000. A irin wannan gudu, mai mai kauri sosai yana zame wa 'ya'yan boris cikas, su yi ta kirɓa shi, zafi ya tashi. Shi ya sa ake zaɓar giris mai sassauƙan mai. Taurin giris kuwa ana auna shi da lambar NLGI, daga 000 mai kusan ruwa zuwa 6 mai tauri ƙwarai, kuma boris ɗin injin lantarki galibi lamba 2 ko 3 yake so. Baƙin giris ɗin nan da ake sa wa shaf ɗin taya, an yi shi ne don nauyi da juyi a hankali, bai dace da boris mai gudu ba.

Na biyu shi ne zafi. Injiniyoyi suna da ƙa'ida: idan boris ya wuce digiri 70, duk ƙarin digiri 15 yana rage kwanan giris da kusan rabi. A tuna da zafin Maris da Afrilu a Kaduna, da cunkoson hanyar Kachia, za a ga yadda lissafin yake tafiya. Tsohon giris na kalsiyom yana narkewa a wajen digiri 100, na litiyom na gama-gari a wajen 190, na foliyuriya kuwa sai ya kai wajen 250, kuma yana daɗewa bai daskare ba. Wannan ne dalilin da masu ƙera boris na injin lantarki suka fi amfani da shi.

Na uku shi ne wanda makaniken fetur bai taɓa karo da shi ba, wato wutar kanta. Inbata da ke juya wutar batir zuwa wadda injin ke buƙata tana kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa guda. Hakan yana tara 'yar wuta a jikin sandar injin, idan ta taru sai ta ratsa shafin man ta yi tartsatsi a cikin boris, irin na walda amma ƙanana ƙwarai. Kowane tartsatsi yana barin rami, yana ƙona giris ya yi baƙi. A kwana a tashi, hanyar boris ta yi zane-zane a jere, mota ta fara kuka. Giris kaɗai ba ya maganin wannan. Masu ƙera mota suna sa zobe ko buroshi mai kwashe wutar daga sandar, ko boris mai 'ya'yan tangaran da wuta ba ta ratsawa. Makaniken da ya cire irin wannan boris ya sa na ƙarfe don ya fi araha, ya mayar da cutar da aka riga aka yi wa rigakafi.

Akwai kurakurai biyu da suka fi yawa. Ɗaya shi ne cusa giris har ya cika. Kashi ɗaya cikin uku na sararin boris, ko rabi idan ya yi yawa, ya isa. Abin da ya wuce haka zafi yake haifarwa, ya kuma tsiyaya cikin naɗin wayar injin. Ɗayan shi ne gauraya. Giris na litiyom da na foliyuriya sau da yawa ba sa jituwa, idan suka haɗu sai su tsinke su zube ko su sandare. Launi ba shaida ba ne, domin ja da shuɗi rini ne kawai. Rubutun jikin gwangwani shi ne abin dubawa.

Ya kamata kuma a san cewa yawancin boris ɗin waɗannan injuna a rufe suke zuwa, da giris ɗinsu na har ƙarshen aikinsu. Alamar ZZ ko 2RS a bayan lambar ke nuna hakan. Wasu kuma man giya ne ke ratsa su, ba sa son giris sam. Ɓalle murfin boris don a ƙara masa giris buɗe ƙofa ne ga ƙurar hunturu da ruwan damina. Idan ya gaji, a sauya shi da mai lamba iri ɗaya. Kafin a taɓa komai kuma, wajibi ne a katse batir yadda kamfani ya tsara, domin wayoyin nan masu ruwan lemo suna ɗauke da wajen bolt 400, wutar da ke kashe mutum nan take.

Araha ba ta ado. Kuɗin gwangwanin giris na ƙwarai bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin sabon injin. Kira a nan shi ne ga ƙungiyoyin makanikai da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna su haɗa hannu su shirya horo, su kuma nemo tsofaffin ma'aikatan masaƙun Kakuri da ke raye su koyar da abin da suka sani. Kai kuma mai abin hawa, kafin a shafa wa injinka komai, ka ce a nuna maka gwangwanin, ka gwada abin da ke rubuce da abin da littafin motar ya ce.