Injin Lita Bakwai da Takardar Odar Tasi: Yadda Aka Kewaye Dokar General Motors

A shekarar 1967 kamfanin General Motors na Amurka yana da wata doka ta cikin gida wadda duk dilolinsa suka sani. Dokar ta hana a sa wa ƙananan motoci da matsakaita injin da girman cikinsa ya haura inci kubik 400, wato kimanin lita 6.6. Manyan motocin iyali da Corvette kaɗai aka keɓe. Shugabannin kamfanin a Detroit suna tsoron idon gwamnati da surutun masu fafutukar kare rayuka a kan hanya, kuma tun 1963 suka janye hannunsu a hukumance daga tseren motoci. Saboda haka Camaro, wadda Chevrolet ya fito da ita a ƙarshen 1966 domin ta kara da Mustang ta kamfanin Ford, ba ta samu abin da ya fi inji mai lamba 396 ba. Wannan inji ne mai silinda takwas da aka jera gida biyu kamar harafin V, lita 6.5, kuma mafi ƙarfin nau'insa an rubuta masa ƙarfin doki 375.

Ga yawancin mutane wannan ya isa har ya yi yawa. Amma akwai samari masu zuwa filin tseren rubu'in mil a ƙarshen mako, kuma sun san cewa a rumbun Chevrolet akwai yayan wannan inji, mai lamba 427, lita bakwai cif, wanda nau'insa da ake kira L72 ke ba da ƙarfin doki 425. Irin motocin da suke so su ne waɗanda Amurkawa ke wa laƙabi da motoci masu ƙwanji: jiki madaidaici, ƙofa biyu, inji na babbar mota, farashi kuma daidai aljihun ma'aikaci.

A garin Canonsburg na jihar Pennsylvania akwai wani dilan Chevrolet mai suna Don Yenko, wanda shi kansa direban tsere ne. Ya lura cewa dokar ta ɗaure masana'anta ne kawai, ba ta ce komai ba game da abin da dila zai yi a garejinsa. Sai ya riƙa sayen sababbin Camaro, ana sauke su daga tirela a cire injinsu tun bai yi zafi ba, a dasa 427. A shekarar farko motocin da aka yi wa wannan aiki sun ɗan haura hamsin. Ba shi kaɗai ba ne. Nickey a Chicago da Baldwin-Motion a New York da Dana a Kalifoniya duk sun bi wannan hanya.

Abin da ya sa dashen ya yi sauƙi shi ne 396 da 427 'yan gida ɗaya ne. Daga waje girmansu ɗaya, ƙafafun da ke riƙe su a jikin mota wuri ɗaya suke, nisan da fistin ke hawa da sauka ma ɗaya ne, inci 3.76. Bambancin yana faɗin ramin silinda: inci 4.09 a ƙaramin, inci 4.25 a babban. Tazarar ba ta kai kaurin fensir ba, amma idan aka ninka ta a silinda takwas sai ta zama ƙarin rabin lita na iska da fetur a kowane zagaye na aiki. Shi ya sa a 1968 makanikan Yenko ba sa ma sauya injin gaba ɗaya. Gangar ƙasa suke canzawa, da karanshaf da fistin ɗinta, su mayar da kan silinda da kafireto na asali a sama.

Sai dai aikin yana cin lokaci da kuɗin ƙwadago, ga tarin gangunan 396 sababbi fil da suka cika shago ba mai saye, ga kuma masu jira sun fi ƙarfin gareji ɗaya. A nan ne labarin ya koma ofis, kuma duk wanda ya taɓa bin fayil daga tebur zuwa tebur zai gane hikimar. Chevrolet yana da wani tsari na odar musamman daga babban ofis, wanda aka taƙaita da COPO. An ƙirƙire shi domin masu sayen motoci da yawa lokaci guda: kamfanin tasi mai son fenti na daban, rundunar 'yan sanda mai son kujeru masu ƙwari, da makamantansu. Odar da ta bi ta wannan ƙofa ba ta shiga jerin kayan da ake tallata wa jama'a, don haka ba ta faɗa ƙarƙashin idon masu tsaron dokar inci 400. Da taimakon wani jami'in Chevrolet mai suna Vince Piggins, aka buɗe lambar oda 9561, wadda ta umarci masana'antar Norwood a jihar Ohio ta sa L72 a cikin Camaro tun daga layin haɗawa. A 1969 Yenko ya karɓi guda 201 ya manna musu sunansa, kuma da sauran diloli suka ji labari suka shigo, adadin ya kai kusan dubu. Ba a soke dokar ba, ba a kuma karya ta a rubuce ba. An dai samu fom ɗin da bai tambayi girman inji ba.

Abin da ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne sauran kayan da ke cikin wannan oda, domin su ne ke bambanta aikin injiniya da na mai ganganci. Lambar 9561 ba inji kaɗai ta kawo ba. Ta zo da babban lagireto, da bonet mai tudu da ke shaƙo iska mai sanyi daga gindin gilashin gaba, da aksul na baya mai ƙwari wanda aka ƙara wa haƙoransa tauri, kuma an wajabta birkin faifai a ƙafafun gaba. Yenko ya ƙara wata lambar, 9737, mai kawo sandar hana tangaɗi mai kauri da ƙafafu masu inci 15. Injiniyoyin sun san cewa babban injin ƙarfe yana da nauyin kusan kilo 300, duka a kan hancin mota, kuma ƙarfin da ya murɗa karanshaf dole ya bi ta giya da furofela da aksul kafin ya isa taya. Duk inda aka bar rauni a wannan sarƙa, nan ne zai tsinke.

An ga iyakar abin a 1969 ɗin, lokacin da Yenko ya so a sa 427 a cikin Nova, wadda ta fi Camaro rashin nauyi. Chevrolet ya ƙi, sai ya koma dashen gareji, ya yi ƙasa da arba'in ya tsaya. A shekara mai zuwa Nova ɗinsa ta fito da ƙaramin inji mai lamba 350, domin kamfanonin inshora sun fara ɗora wa manyan injuna kuɗin da saurayi ba zai iya biya ba.

Wani dilan kuma, Fred Gibb na ƙaramin garin La Harpe a jihar Illinois, ya nemi abin da ya fi haka. Ya yi odar Camaro 50 masu injin ZL1, wato 427 da aka zuba da alminiyam, domin hukumar tseren NHRA ba ta karɓar mota a ajin da yake so sai an ƙera aƙalla hamsin. Injin ba shi da nauyi, ƙarfinsa na gaskiya kuma ya wuce 430 da aka rubuta nesa ba kusa ba. Amma da takardar kuɗi ta iso, injin kaɗai ya tashi dala 4,160, fiye da farashin motar kanta, jimilla ta haura dala 7,200. Gibb ya sayar da 13, sauran ya roƙi kamfani ya karɓe su. Guda 69 kacal aka ƙera duka duka.

A 1970 General Motors ya ɗage dokar da kansa, har Chevelle ta fito da inji 454. Murnar ba ta daɗe ba. Dokar tsabtace iska ta 1970, da komawa fetur marar dalma wanda ya tilasta rage matsin silinda, da takunkumin man Larabawa na 1973, suka taru suka rufe wannan babi.

Dashen inji kuwa bai mutu ba, ya koma hannun masu sha'awa. A garejojin Apo ko Ladipo, sauya inji yawanci gyara ne: wanda ya buga a cire, a sa tokumbo irinsa. Mai tsohuwar Camaro a Amurka yana neman abin da motar ba ta taɓa samu ba ne, kuma hanyoyi biyu ne a gabansa. Ko ya gina babban inji irin na da, ko ya ɗauko na zamani daga dangin LS, wanda ya fara fitowa a Corvette ta 1997 kuma 'yan uwansa suka cika motocin a-kori-kura, har ya zama da araha a wurin masu sayar da kayan motocin da suka mutu.

Wanda ya zaɓi gini zai shafe makonni yana awo kafin ya ɗaura ƙusa ɗaya. Ana kai ganga wurin masu injin gyaran ƙarfe a faɗaɗa ramukan silinda a goge su. Ana auna tazarar da ke tsakanin karanshaf da mazauninsa, wadda ba ta wuce kaurin gashi ba. Idan ta yi kaɗan baƙin mai ba zai ratsa ba, idan ta yi yawa matsin mai zai faɗi. Kowane ringi ana goge bakinsa da hannu domin ya samu wurin buɗewa idan ya yi zafi. Matsin L72 na asali kashi 11 ne bisa 1, wanda aka tsara domin fetur mai dalma, don haka mai gini a yau yakan sassauta shi ko ya sa kan silinda na alminiyam. Idan kuma sandar buɗe bawul irin ta da ce, mintuna ashirin na farko bayan an tayar da inji su ne mafi haɗari: dole a riƙe shi sama da juyi 2,000 a minti da mai na musamman, in ba haka ba sandar ta cinye kanta, garin ƙarfe ya bi mai ya lalata aikin wata uku.

Wanda ya zaɓi LS ya tsira daga wannan, ya faɗa wata. Kaskon mai na ƙasa yakan ci karo da ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin inji. Bututun hayaƙi yakan nemi wurin da akwatin sitiyari yake. Kafireto yana aiki da matsin fetur da bai kai goma ba a ma'aunin da Amurkawa ke amfani da shi, injin zamani kuwa yana son kusan sittin, don haka famfo da bututu da tanki duk sai an sake. Ga kwamfutar inji, wadda makanikanmu ke kira birenbos, da tarin wayoyinta da za a koya wa zama da motar da aka ƙera kafin a san irinta. Camaro ta farko ba ta da cikakken shasi daga gaba zuwa baya, shi ya sa ake walda ƙarfe a haɗa gabanta da bayanta don kada jiki ya murɗe. Birki kuwa, wanda shi ya kamata a fara saye, shi ne mutane suka fi jinkirtawa, domin ba ya ƙara kuma ba a ganinsa a hoto.

Hukuma ma tana da ta cewa. A Kalifoniya motocin 1975 zuwa baya ba sa zuwa gwajin hayaƙi na lokaci lokaci, amma wadda ta fi haka sabunta dole injin da aka dasa mata ya zama na shekararta ko na bayanta, da duk kayan tace hayaƙinsa, kuma sai jami'in tantancewa ya duba. Shi kuwa Chevrolet, wanda ya taɓa hana abin da ya wuce 400, a 2021 ya fito da injin ZZ632 da ake saye a cikin akwati, sama da lita 10, mai ƙarfin doki 1,004, ya kuma rubuta cewa na filin tsere ne.

Don Yenko ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1987. Motocinsa na asali yanzu ana sayar da su dubban ɗaruruwan daloli a wuraren gwanjo, abin da ya jawo masu jabu, domin lambar shasin Camaro ta 1969 ba ta nuna girman injin da aka sa mata. Kowa na iya sayen 427 da sitika. Saboda haka mai saye da gaske yakan zo da tocila ya leƙa lambar da aka buga a jikin ganga, ya gwada ta da ta shasi, sannan ya nemi takardar odar dila da rasiɗin farko kafin ya yarda a tayar masa da injin.