Matasan Gaya da ƙuri'ar da ba su taɓa kaɗawa ba

Ranar 21 ga Fabrairun 2021 ce ranar ƙarshe da mutanen Gaya ta Nijar suka yi layin zaɓe, a zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa tsakanin Mohamed Bazoum na PNDS-Tarayya da Mahamane Ousmane na RDR-Canji. Duk yaron da ya cika shekara 18 bayan wannan rana, bai taɓa dangwala yatsa a tawada ba. A ƙasar da rabin jama'arta ba su kai shekara 18 ba, waɗannan ba 'yan kaɗan ba ne.

Sojoji sun karɓi mulki ranar 26 ga Yulin 2023. A Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa masu riƙo a madadin zaɓaɓɓun magaddan gari. A Maris na 2025 kuma aka soke jam'iyyu, aka tsaida wa mulkin soja wa'adin shekara biyar.

Amma siyasa ba ta bar Gaya ba, don gari ne mai kallon ƙasashe biyu maƙwabta. Ga Malanbil ta Benin a ƙetaren kogin Isa, ga Kamba ta jihar Kebbi can gabas. Ɗan kabu-kabun da ke kai fasinja bakin iyaka ya ga yadda Najeriya ta yi nata zaɓen a 2023, inda ko kashi 30 cikin ɗari na masu rajista ba su fito ba, alhali a Nijar, a 2021, an haura kashi 60. Da aka rufe gadar Malanbil bayan juyin mulki, manyan motoci suka tsaya cak, mutane suka koma tsallakawa a kwale-kwale. Ba malamin da ya kai wannan iya koyar da cewa shawarar Yamai tana taɓa aljihun ɗan dako.

Makarantar siyasar matashin Gaya ita ce fada. Benci ne da tabarma a bakin titi, gawayi na ci, shayi na tafasa har zubi uku, musu kuma ba ya ƙarewa. 'Yan takara sun san haka sarai, shi ya sa a da, lokacin kamfe, ake aiko da sukari da ganyen shayi da riguna masu hoto. A nan ake yanke wa za a bi, galibi a ƙungiyance, ba ɗaya-ɗaya ba.

Darasin tarbiyyar ɗan ƙasa da ake koyarwa a aji bai cika isa wannan benci ba, tunda da yawa sun bar boko da wuri. Abin da suka fi buƙata kuwa ba shi da wuyar faɗa: mene ne aikin kansila, ina harajin kasuwa ke tafiya, kuma yaya ake samun takardar haihuwa. Kafin zaɓen 2020, sai da aka bi ƙauyuka da zaman shari'a na tafi-da-gidanka ana ba mutane wannan takarda, don su samu shiga rajistar hukumar CENI mai ɗaukar hoto da zanen yatsu.